Yadda Za Ka Haɗa Kayan Gyaran Mota a Gida

Ba sai ka sayi ƙaton akwati cike da ƙarafa ba, rabinsu ma har su yi tsatsa ba ka taɓa su ba. Canjin baƙin mai, taya, fulogi, batir da fiyus, kaya kaɗan ne ke yin su. Ka tara su bi da bi, bisa wannan tsari.

Na farko, kayan ɗaga mota. Jak ɗin da ke zuwa da mota na canjin taya ne kawai. Ka nemi jak mai amfani da mai, wanda ƙarfinsa ya kai tan 2 in motarka ƙarama ce, tare da ƙafafun ƙarfe guda biyu da ake ɗora mota a kai bayan an ɗaga. Nan ne mutane ke yin ganganci. Jak yana iya saki ba sallama, ko robar cikinsa ta zubar da mai, ko ya zame, kuma bulon siminti, in da shi aka tokare mota, kan farfashe farat ɗaya. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ka faka a ƙasa mai tauri wadda ba gangara, ka ja birkin hannu, ka tare tayoyin da ke ƙasa da katako, ka sauke motar kan ƙafafun, sannan ka girgiza ta ka ga ko ta zauna daram.

Na biyu, sifana da soket. Motocin Japan irin su Toyota da Honda galibi lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19 suke ci, na Turai kuma suna yawan neman 13. Lamba 10 ka sayi biyu, domin ita ce ke kwance kan batir da rabin abin da ke cikin bonet, kuma ita ce ta fi saurin ɓata. Ka zaɓi soket mai kusurwa shida, ya fi kama noti sosai. Mai kusurwa sha biyu kan cinye kan notin da ya cije. Ka ƙara da soket ɗin fulogi, yawanci lamba 16, mai roba a ciki da ke riƙo fulogin daga rami. Notin da ya ƙi motsi, a fesa masa mai irin WD-40, a ba shi lokaci, kada a sa masa ƙarfi.

Na uku, sukudireba mai faɗi da mai sita, filaya, guduma, tocila, mazurari, tsumma, abin kwance filta da kwanon tarar tsohon mai.

Na huɗu, kayan awo. Gejin iskar taya dole ne. Adadin da ake so yana manne a jikin ƙofar direba, kuma ana aunawa ne taya na sanyi. Sai mitar auna wuta: cikakken batir yana nuna kusan volt 12.6 in mota a kashe take, in an tayar kuma wajen 14. Idan inji na aiki amma lambar ba ta tashi ba, zargi na'urar da ke cajin batir, ba batir ba. In za ka cire batir, fara da waya mai alamar (−), wurin mayarwa kuma ita ce ta ƙarshe.

Na biyar, in hali ya samu, sifana mai auna ƙarfin ɗauri, saboda notin taya da fulogi. Littafin motar ya faɗi adadin kowanne. Sai ƙaramar na'urar OBD2 mai karanta laifin da ya kunna fitilar inji. Kafarta mai haƙora 16 tana ƙasan sitiyari, kuma tun 1996 aka wajabta ta a motocin da ake sayarwa a Amurka. Lambar da na'urar ta nuna, sashen da za ka duba take faɗa maka, don haka ka gwada wayoyi da fiyus na wurin kafin ka sayi sabon kaya.