Babi na 7: Aika Imel daga Baƙin Allo

Sannunku da ƙoƙari. Baƙin allon nan da kuke buga umarni a ciki ba harshe ɗaya yake ji ba. Na Linux yawanci Bash yake ji. Windows kuwa biyu gare shi: tsohon cmd, da PowerShell wanda ya fito a 2006. Kafin ka taɓa komai, dubi layin da ke jiranka. In ya fara da PS, PowerShell ne. In ya ƙare da alamar dala, $, Bash ne.

Darasi na 1: Ajiye adireshi a Bash

Buga wannan, harafi bayan harafi:

adireshi="audu@example.com"

Yanzu ɗora yatsanka a kan alamar =. Dubi hagunta, babu tazara. Dubi damanta, babu tazara. A manne suke. Nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, don haka kada ka ji kunya. Na ga dattijon da ya goge ya sake har sau biyar, gilashinsa a kan hanci, babban yatsansa na komawa kan dogon maɓallin nan na tazara da kansa. A na shida ya samu.

In ka bar tazara, Bash zai ɗauka "adireshi" umarni ne, ya ce maka command not found, wato bai sami umarnin ba. Goge, ka sake bugawa a manne. Madalla. Sake kuma.

Sai aikawa, in an riga an saita manhajar mail a kwamfutar:

echo "Taro gobe" | mail -s "Sanarwa" "$adireshi"

Wajen ajiyewa babu dala, wajen kira akwai dala. Bai tafi ba? Koma kan =. Haba jama'a, sau nawa zan faɗa? Wanda ya ƙi dubawa kada ya ce kwamfuta ce ta lalace. Ba tazara!

Darasi na 2: PowerShell

$adireshi = "audu@example.com"

Nan tazara ba laifi, amma dala dole ce tun farko. Umarnin Send-MailMessage ne ke aikawa, sai dai Microsoft da kansa ya daina ba da shawarar amfani da shi saboda tsaro. Kada ka kwashi wannan tazarar ka kai wa Bash.

Darasi na 3: cmd

set adireshi=audu@example.com

Kira shi da %adireshi%. Shi ma a manne. Sai dai cmd ba shi da nasa umarnin aika imel.