Yadda ake ceto aiki idan hannu ya goce ana tsaka da zagaye hoto

Bayan hawan sallah da 'yan kwanaki aka kawo mana hoton wani mahayi a shagonmu da ke Sabon Gari, ana so a ciro shi da dokinsa a ɗora a kalanda. Na ba yaron da ke koyon aiki a wurina. Wanda ya saba da hoton fasfo na ɗaliban Samaru da Kongo zai ɗauka wasa ne, amma dokin hawa akwai geza, akwai linzami, ga likkafa, ga bakin alkyabba da iska ta ɗaga. Ya kai minti ashirin yana bin gefen dokin ɗigo bayan ɗigo da kayan zagaye na Polygonal Lasso a Photoshop. Yana isa ƙafar baya yatsansa ya danna maus sau biyu, layin ya rufe kansa, ya ratsa ta tsakiyar cikin dokin. Ya ce, "Oga, ya ɓaci, bari in sake." Na ce ya ɗauke hannunsa tukuna.

Ɗauke hannun nan shi ne matakin farko. Galibin asarar da nake gani danne-dannen firgici ne ke jawo ta, mutum ya yi ta latsa maɓallai har ya binne abin da yake nema. Ka dubi allo ka gane halin da kake ciki: layin bai rufe ba, ko ya rufe a karkace, ko kuwa ya ɓace ɗungurungum. Kowanne da maganinsa.

In layin bai rufe ba, ɗigo ɗaya ko biyu ne suka faɗa inda ba a so, danna Backspace. Duk dannawa ɗaya tana cire ɗigo na ƙarshe, sai ka yi ta ja da baya har inda aikin yake daidai, ka ci gaba. Haka yake a Magnetic Lasso, wanda ke da halin maƙalewa a jikin inuwa, haka kuma a Free Select na GIMP, wata manhajar gyaran hoto. Ctrl+Z, mai soke matakin ƙarshe, ba shi da amfani a nan, don manhajar ba ta lissafa zagayen a matsayin mataki sai ya rufe. Esc kuwa ka yi nesa da shi, yana share layin gaba ɗaya, ba kuma hanyar dawo da shi. Idan ka kai bakin allo, riƙe dogon maɓallin tazara ka ja hoton, layin zai jira ka.

In ya rufe a karkace, irin na yaron nan, nan ne mutane ke cutar kansu. Suna danna Ctrl+Z, aikin minti ashirin ya tafi, domin duk zagayen mataki ɗaya ne a wurin manhajar. Abin da ka riga ka bi daidai yana nan, ka bar shi. Riƙe Shift ka fara sabon zagaye a kan ɓangaren da ya rage, zai haɗe da na farko. Da ka sa ɗigon farko ka saki Shift, in ba haka ba zai riƙa tilasta wa layin tafiya a miƙe ko a kusurwar digiri 45. Inda kuma zagayen ya ci bango, riƙe Alt ka zagaye wurin, zai fita. A GIMP Ctrl ne ke ragewa. Ni dai tun kafin in fara aiki nake latsa alamar Add to selection a saman allo, don da ita ko maus ya taɓa gefe bisa kuskure ba abin da zai goge.

Ga wurare masu wuyar bi kamar geza da gashin wutsiya, na fi son Quick Mask. Danna Q, duk inda ba ka zaɓa ba zai rufe da ja-ja. Ɗauki burushi: fari yana ƙara wuri cikin zagayen, baƙi yana fitarwa, X kuma yana sauya maka tsakaninsu. Ka matso da hoton sosai ka gyara kamar mai shafa lalle, sannan ka sake danna Q, layin zagayen mai kama da jerin tururuwa ya dawo da gyaransa. A GIMP Shift+Q ne. Da wannan yaron ya ƙarasa ƙafar dokin cikin minti uku.

In kuwa layin ya ɓace, kafin komai gwada Ctrl+H, wataƙila ɓoye shi ka yi ba ka sani ba. In ba haka ba ne, Ctrl+Shift+D yana dawo da zagayen ƙarshe da aka saki. Sai dai na ƙarshen kawai yake tunawa. Idan cikin ruɗewa ka riga ka ja wani ɗan ƙaramin zagaye, shi zai ba ka. Sai ka buɗe History, wato jerin matakan da ka yi, daga Window, ka nemo layin da ke ɗauke da sunan kayan da ka yi zagayen da shi, ka latsa. A GIMP Ctrl+Z ma ya wadatar, Ctrl+Y kuma ya mai da kai gaba.

Akwai wani abu da ke rikita masu koyo a shagunanmu, inda kwamfuta ɗaya ke da sabon Photoshop, ta kusa da ita tana kan tsohon CS6. Tun daga fitowar CC 2019 a watan Oktoba na 2018, Ctrl+Z yana ta komawa baya mataki-mataki. A tsofaffin kuwa mataki ɗaya yake yi, ka sake dannawa ya mai da kai inda kake, sai ka haɗa Ctrl+Alt+Z. CS6 matakai 20 yake riƙewa in ba a taɓa saitinsa ba, sababbin 50. Duk shafa ɗaya ta burushi mataki ce, ka ga 20 ba ta da auki. Ana ƙara adadin a Preferences, ƙarƙashin Performance, har zuwa 1000, amma kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi za ta yi nauyi. Ni 100 nake sawa.

Sauran kurakuran biyu gajeru ne. Ka ja zagaye da Move Tool, sai ka ga ka yago hoton ya bar rami: Ctrl+Z, ka koma kayan zagaye in layin kaɗai kake son matsarwa. Ko ka danna Delete, doki ya tafi bango ya zauna: Ctrl+Z, sannan Ctrl+Shift+I ya juya zaɓin. Na ma daina barin yarana su goge bango da Delete. Su latsa alamar mask a ƙasan jerin leyoyi, bangon ya ɓuya kawai. Ranar da mai hoto ya dawo ya ce an yanke masa bakin rawani, farin burushi zai fito da shi.

Dabarun komawa bayan nan suna aiki ne muddin fayil ɗin yana buɗe. Da ka rufe shi, ko aka ɗauke wuta kafin a tayar da janareta, History ya tafi. Don haka duk zagayen da ya ci maka fiye da minti biyar, shiga Select, latsa Save Selection, ka ba shi suna. A GIMP Save to Channel ne. Ko rabin aiki ne ka ajiye, ka sake ajiyewa in ka ƙara. Sannan ka adana fayil ɗin a PSD, ko XCF ga mai GIMP, don JPEG ba ya riƙe zagaye. Gobe ka buɗe, Load Selection zai miƙo maka shi yadda ka bar shi.

Da yamma mai kalandar ya aiko a canza bangon zuwa hoton ƙofar fadar Zazzau. Yaron ya buɗe fayil ɗin, ya kira zagayen da ya sa wa suna "doki 2", kafin a kira magariba an tura wurin bugawa.