Masu shirin zuwa Badagry a keke

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk mai niyyar tuƙa keke daga cikin Legas zuwa Badagry ko Epe, ya fita ranar Lahadi da an sallame Asuba, kafin danfo (ƙananan bas ɗin haya na Legas) da tireloli su cika hanya. Legas ba tudu, sai dai zafi da yashi.

Abin da ya cuce ni bara iskar teku ce. Na dawo a gajiye na jingine keken a zaure, kwana huɗu sarƙar ta yi jawur da tsatsa, sai da na sake sabuwa. Yanzu ina dawowa nake wanke ta da ruwan famfo, in goge, in ɗiga mai.

Ku riƙe kayan faci da famfon iska. A watan Yuni kuwa, ruwa kan rufe ramuka, ku haƙura kawai.