Babi na 6: Matashin da Cikinsa Ba Ya Karɓar Alkama

Darasi na 1: Abin da ido ke gani

Ku buɗe littafi, ku ɗora yatsa a kan layin farko. Za mu tafi a hankali, babu mai korar mu.

Akwai yaro ko yarinya a gidanku, ɗan shekara 13 zuwa 17, da kullum yake kukan ciki? Da ya ci abinci sai cikin ya kumbura kamar ganga. Yau zawo, gobe zawo, bayan gidan kuma ga wari ga maiƙo. Yana ci amma ba ya ƙiba. Sa'o'insa sun tsere masa a tsawo, har ƙaninsa ya kamo shi. Ku ja fatar idonsa ta ƙasa ku duba, idan ta yi fari fat, alamar ƙarancin jini ce. In mace ce, ƙawayenta duk sun fara al'ada, ita shiru. Wani bakinsa ne ke yawan fashewa, wani kuma ƙuraje ne masu ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa.

Na san abin da za ku ce. Basir ne, tsutsar ciki ce, olsa ce, taifot ne. Zai iya zama haka. Amma idan an sha maganin tsutsa sau biyu sau uku, an sha jiƙe-jiƙe har an gaji, yaro yana nan jiya i yau, to akwai wata cuta da ba a cika tunawa da ita ba. Sunanta siliyak. Ku furta tare da ni: si-li-yak. Madalla.

A cikin alkama akwai wani sinadari da ake kira gulutin. Kun san shi, sunan ne kawai baƙo. Shi ne danƙon da ke sa kwaɓin fanke yana bin hannu. Akwai shi a sha'ir ma. Ga yawancinmu abinci ne. Ga mai siliyak kuwa, da ya shiga ciki sai garkuwar jiki ta harzuƙa ta far wa ƙaramin hanji. A bangon hanjin akwai 'yan tsirai kamar gashin sabon tawul, su ke tsotse amfanin abinci. Cutar tana goge su har wurin ya zama sulɓi, abinci ya riƙa wucewa ba tare da jiki ya mora ba. Ana ƙiyasta mutum 1 cikin 100 a duniya yana da ita. Ba a ɗaukarta a kwano, ba sammu ba ce, amma tana bin jinin gida.

Darasi na 2: Kada a cire alkama kafin gwaji

Ku karanta kan darasin nan da ƙarfi. Ku sake. Nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, kuma ban ga laifinku ba. Uwa ta ji an ce burodi ne ke cutar ɗanta, me za ta yi in ban da ta hana shi burodi a daren? Tausayi ne. Amma tausayin nan yana ɓata gwaji.

Ga dalili. Gwajin jini yana neman wasu ƙwayoyin kariya ne da jiki ke fitarwa lokacin da yake faɗa da gulutin. In an daina cin alkama, faɗan ya lafa, ƙwayoyin su ragu, hanji ya fara warkewa. Sai a ɗebi jini, takarda ta fito ta ce lafiya lau, alhali cutar tana nan. Ɓarawo da kaya a hannu ake kama shi.

Wata ɗalibata ta yi wannan kuskure. Ta ji bayanin cutar rabi da rabi, ta koma gida ta hana 'yarta taliya da burodi wata biyu. Yarinya ta ɗan murmure, aka je asibiti, aka biya kuɗin gwaji, sakamako bai nuna komai ba. Likita ya ce a koma cin alkama a dawo. Yarinyar ta zauna gaban burodi da shayi tana kuka, don ta san abin da zai biyo baya. Da an bi tsari, da sau ɗaya za ta sha wannan wahala.

To ga tsarin. Yaro ya ci gaba da cin abin da ya saba ci. In an riga an cire alkama, a gaya wa likita gaskiya, domin yawanci ana so a yi mako 6 ana cin ta kullum kafin a ɗebi jini. Mako 6, ba kwana 6 ba. Ku rubuta lambar a gefen shafi.

A je babban asibiti, ba kemis ba. Ku ɗauki 'yar takarda ku kwafi haruffan nan uku yadda suke: tTG. Ƙaramin t, babban T, babban G. Sunan gwajin jinin ke nan. Ku miƙa wa likita ku ce, "Likita, ko zai yiwu a duba masa wannan?" Babu rashin kunya a ciki. In jinin ya nuna alama, likita zai iya cewa a zura siririn bututu mai kyamara ta baki, a gutsuro ɗan ƙanƙanin abu daga hanji a duba. Har zuwa ranar wannan ma, ba a cire alkama.

Tambaya: yaushe ake cire alkama? Bayan likita ya gama gwaji ya ce a cire. Kafin nan fa? Ba a cirewa. Idan maƙwabciya ta ce a cire? Ba a cirewa. Idan yaro ya galabaita, yana amai da zawo ba tsayawa, ko akwai jini a bayan gida, ba a jiran mako 6, yau ake kai shi asibiti.

Darasi na 3: Littafin abinci

Ku sayi ɗan littafi mai shafi 20. Ku ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, shafi ya rabu gida uku. Gida na farko, rana. Na biyu, abin da aka ci. Na uku, abin da ya faru. Misali: Talata, gurasa da shayi, kumburi da zawo sau 3. In yaron ya iya rubutu, ku ba shi ya riƙe da kansa, cikinsa ne.

A ajin bara na ba da wannan aiki, mutum huɗu kacal suka kawo. Sauran suka ce ai suna riƙe da shi a ka. Haba jama'a! Abin da kuka ci shekaranjiya ma ba ku tuna ba. Kuma na ga wasu sun mai da littafin hujjar hana yaro burodi. Ban ce haka ba. Littafin na likita ne. Ku koma Darasi na 2.

Darasi na 4: Bayan likita ya tabbatar

Sai yanzu ake cire alkama, kuma har abada ne, babu ƙwaya ko allurar da ke maye gurbin haka. Za a bar burodi, fanke, gurasa, alkubus, funkaso, alkaki, cincin, biskit, taliya, makaroni, Indomie da tuwon semo. Lemon malt ma, don da sha'ir ake yin sa.

Abin da ya rage ya fi yawa: tuwon shinkafa, na masara, na dawa, fura, koko, acca, ƙosai, alale, doya, dankali, rogo, nama, kifi, ƙwai. Ɗanwake a tambaya tukuna, yanzu da yawa suna zuba masa fulawa. Man da aka soya fanke ba a soya wa yaron ƙosai da shi. Injin da ya niƙa alkama yana barin gari a ciki.

A bayan leda ko gwangwani ku nemi kalmar nan: wheat. Haruffa biyar, sunan alkama ne da Turanci. A kayan Nijar, blé. Har dunƙulen miya a duba.

Darasi na 5: Makaranta da abokai

In yana makarantar kwana, a kai wa shugaba takardar likita. A haɗa masa garin kwaki da ƙuli-ƙuli da gyaɗa. Kada a ce masa mai tsirfa a gaban ƙannensa. Su ma a tambayi likita ko za a gwada su.

Darasi na 6: Aikin gida

Ku rubuta sunan abinci biyar marasa alkama. Ku kwafi kan Darasi na 2 sau goma, ku kawo ranar Litinin.