Yadda ake ɗaukar hoton labari da edita zai karɓa ba tare da kokwanto ba

Abu na farko da za ka duba kafin ka fita aiki shi ne agogon kyamara. Kowane hoto yana ɗauke da ranar da aka ɗauke shi, da sa'a, har da daƙiƙa, a cikin bayanan fayil da ake kira EXIF. In agogon ya kauce da awa biyu, duk hotunanka sun kauce da awa biyu, kuma ranar da gardama ta tashi kan yaushe gobara ta fara ko wa ya fara jifa, hotonka ba zai tsaya maka shaida ba. Daidaita agogon kyamarar da na waya, musamman in ka shiga ƙasar da lokacinta ya sha bamban.

Ka ɗauki batir biyu ko uku cike da caji. In kyamararka tana da gurbin katin ajiyar hotuna biyu, ka sa ta riƙa ajiye kowane hoto a duka biyun, don kati yakan mutu ba sallama. Goge kati gaba ɗaya kuma, bayan an kwafe hotunan da ke ciki, a cikin kyamara ake yi, ba a kwamfuta ba. Yawancin masu wannan sana'a lens, wato gilashin gaban kyamara, biyu suke ratayawa, 24-70mm na kusa da 70-200mm na nesa. Mai lens ɗaya ya riƙe 35mm ya yi amfani da ƙafafunsa, ya isa.

Abin da ya fi ɓata hotunan masu koyo shi ne saurin shota, wato tsawon lokacin da kyamara take buɗewa haske ya shiga. Mai jawabi a tsaye, 1/250 na daƙiƙa ya wadatar, domin hannu da baki suna motsi ko da jiki yana wuri ɗaya. Masu tattaki ko gudu suna buƙatar 1/500 zuwa sama, wasanni kuma 1/1000. In haske ya yi ƙaranci, kada ka rage saurin, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin kyamara na kama haske, zuwa 3200 ko 6400. Hoto mai ɗan ɓurɓushin da ɗaga ISO yake jawowa jarida za ta buga shi, amma wanda fuska ta narke saboda motsi ba shi da magani. Ƙofar haske kuwa, f/2.8 tana ware mutum ɗaya daga taro, f/8 tana fito da na gaba da na baya. A zauren da ke da fitilun LED za ka iya ganin ratsi-ratsi ko launi yana sauyawa daga hoto zuwa hoto. Wutar ce ke ƙiftawa. Koma 1/100 inda lantarki yake 50Hz, ko 1/125 inda yake 60Hz.

Da isarka wurin, fara da hoto mai faɗi wanda ke nuna inda ake da yawan jama'a. Daga nan ka matsa ka ɗauki mutum biyu ko uku suna cikin abin da ya tara su, sannan ka ƙara matsawa ka ɗauki fuska, hannu, kwalin da aka ɗaga, takalmin da aka yar. Ɗauki na tsaye da na kwance, don ba ka san gurbin da za a ba ka a shafi ba. Kada ka ce wa kowa ya maimaita abin da ya yi don ya wuce ka, kada ka kawar da kujera, kada ka miƙa wa yaro wani abu ya riƙe. In ka tsayar da mutum ka ɗauke shi da saninsa, babu laifi, amma ka rubuta haka a bayanin hoton.

Suna shi ne abin da ake mantawa cikin hayaniya. Ka miƙa wa mutum littafinka ya rubuta sunansa da hannunsa, ka ɗauki hoton shafin nan take, sai ya zauna a jere bayan hotonsa. Yara, marasa lafiya da waɗanda aka ci zarafinsu, a nemi izininsu ko na iyayensu, a kuma gaya musu inda hoton zai fita. Inda bayyana wuri zai jefa wani cikin haɗari, kashe GPS.

A wajen gyara ne mutane suka fi rasa aikinsu. Abin da manyan kamfanonin dillancin labarai suka yarda da shi kaɗan ne: rage gefen hoto, ɗan daidaita haske da launi zuwa yadda ido ya gani, da share tabon ƙurar da ke cikin kyamara. Ƙara wani abu ko cire shi haramun ne komai ƙanƙantarsa. A 2003 jaridar Los Angeles Times ta kori wani mai ɗaukar hoto da ke yi mata aiki don ya haɗa hotuna biyu na yaƙin Iraƙi ya mai da su ɗaya. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya janye hotuna 920 na wani da ya ƙara hayaƙi a sararin Beirut. A 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da wanda ya goge kyamarar abokin aikinsa daga kusurwar wani hoto na Siriya, duk da cewa kyamarar ba ta canza labarin ba. A gasar World Press Photo ta 2015, an fitar da kusan ɗaya cikin biyar na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe bayan an gwada su da fayil na asali. Ka lura, duhunta gefe har wani mutum ya ɓace daidai yake da goge shi. Wayoyin zamani ma suna da madannin da ke share mutum daga hoto da fasahar AI, mai aikin labari bai kamata ya kusance shi ba.

Bayanin hoto jimla biyu ne. Ta farko ta faɗi wa ke ciki, daga hagu zuwa dama, me yake yi, a ina, da cikakkiyar ranar. Ta biyu ta faɗi dalilin da ya sa abin ya zama labari. Rubuta abin da ka gani kawai. "Tana kuka" an gani, "tana baƙin ciki" zato ne. Adadin mutane ko na mamata, ka jingina shi ga wanda ya faɗa. Ka sa bayanin da sunanka a cikin fayil ɗin kansa, a gurbin rubuta bayani da ake kira IPTC, da manhaja irin Photo Mechanic ko Lightroom, don ya bi hoton duk inda ya je.

Zaɓi hotuna takwas zuwa goma sha biyu ka aika, ba ɗari ba. In dole sai ta WhatsApp, tura su a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoto ta kuma goge bayanansa. Tambayi edita irin fayil da yake so: a 2015 Reuters ta ce masu yi mata aiki su turo JPEG, wato fayil ɗin hoto da aka saba da shi, wanda aka ɗauka kai tsaye daga kyamara. Sa kyamara ta riƙa ɗaukar RAW, wato ɗanyen fayil da ba a sarrafa ba, da JPEG tare ya kawar da wannan matsalar.

Kada ka goge hoto ko ɗaya a cikin kyamara, har waɗanda ba su yi kyau ba, don hotunan da ke gaba da bayan wanda aka buga su ake nema in an yi zargi. Kwafe katin gaba ɗaya zuwa wurare biyu dabam, da lambobin fayil ɗinsu na asali, kafin ka sake amfani da shi.