Darasi na Tara: Jinyar Mai Makyarkyata Bayan Tiyatar Zuciya

Cutar da likitoci ke kira Parkinson, wadda mutane suka fi sani da makyarkyata, ta sami sunanta daga wani likitan Landan, James Parkinson, wanda ya yi bayaninta a rubuce a shekarar 1817. Tana samuwa ne idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da wani sinadari mai suna dofamin suka riƙa mutuwa sannu a hankali, sai hannu ya kama rawa, gaɓoɓi su yi tsauri, tafiya ta yi nauyi, fuska kuma ta daina nuna murna ko ɓacin rai. Idan aka yi wa mai wannan cuta tiyatar zuciya, wadda sau da yawa sai an tsaga ƙashin ƙirji, murmurewarsa takan ja lokaci, kuma a cikin wannan jinkiri ne ciwon damuwa, wato baƙin ciki mai daɗewa da ke raba mutum da sha'awar abubuwan da ya saba so, yakan samu wurin ɓuya.

Mu ɗauki misalin wani dattijo baduku a cikin birnin Sakkwato, wanda aka sallamo daga asibiti makonni biyar da suka wuce. Ɗinkin ƙirjinsa ya kame, amma ya daina tambayar farashin fata, an ajiye masa rediyo a gefen tabarma bai ko taɓa ta ba, kuma idan abokan sana'arsa suka zo dubiya sai ya juya fuska bango. 'Yarsa takan durƙusa da kwanon kunu ta ce, "Baba, ko cokali biyu ka daure ka sha," shi kuwa amsarsa kullum ɗaya ce: "Ku bar ni, na zame muku wahala." Mutanen gida suka ce makyarkyatar ce ta ƙaru, wani ƙanensa ma ya ce rashin tawakkali ne. Dukkansu sun yi kuskure, kuma maganar ƙanen ta fi cutarwa, domin ta ɗora wa majinyaci laifi a kan ciwon da bai jawo wa kansa ba. Ciwon damuwa yana da tushe a cikin ƙwaƙwalwa, makyarkyata kanta tana haddasa shi, raɗaɗin tiyata da rashin barci da dogon zaman ɗaki kuma suna rura wutarsa.

Tunda fuskar mai makyarkyata ba ta cika bayyana abin da ke ransa ba, mai jinya ya lura da abin da majinyacin ya daina so. Idan ya kai mako biyu ba ya sha'awar abinci da hira da abubuwan da ya saba jin daɗinsu, yana farkawa tsakar dare barci ya gagara, yana yawan cewa ba shi da amfani, to lokacin sanar da likita ya yi. Idan kuwa ya ambaci cewa zai yi wa kansa lahani, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a cikin gari, akwai kuma asibitin tarayya na masu larurar ƙwaƙwalwa a Kware, kuma zuwa can ba shaidar hauka ba ce. Maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga tasirinsa, sannan wasu irinsa ba sa jituwa da wasu magungunan makyarkyata ko na zuciya, saboda haka a tafi da dukkan kwalayen magani likita ya gani da idonsa.

Babban maganin makyarkyata shi ne levodopa, kuma ba ya son a saɓa masa lokaci. Idan aka jinkirta shi jiki yakan sandare, haɗiya ta yi wuya, tashi ya gagara, wanda kuma ya kasa tashi sai ransa ya ƙara ɓaci. Tsayar da shi farat ɗaya yana da haɗari ƙwarai. Nama da nono da wake suna rage shigarsa jiki, don haka akan ba da shi kamar rabin sa'a kafin abinci, fura da nono ta biyo baya. Kada a sayo maganin amai a kemis ba tare da izinin likita ba, domin irin su metoclopramide suna tsananta makyarkyata.

Ƙashin ƙirji yana buƙatar mako shida zuwa takwas kafin ya haɗe. A wannan tsakani kada majinyaci ya ja guga ko ya ɗauki kaya mai nauyi, ya rungume matashi idan zai yi tari, kuma ya yi sallarsa a zaune idan tasowa daga sujada na sa shi dogara da hannuwa. Ya ɗan zauna a bakin gado kafin ya miƙe, saboda jini yakan sauka ya kawo jiri, musamman a zafin watan Afrilu. Bayan la'asar a riƙe shi ya taka zuwa zaure, gobe a ƙara 'yan taku kaɗan.

Aikin aji: kowane ɗalibi ya zana layi bakwai a littafinsa, ɗaya don kowace rana ta mako, ya rubuta ƙarfe nawa aka ba da magani, taku nawa majinyaci ya yi, da kuma magana ɗaya da ya faɗa a ranar. Wannan takarda ce za a miƙa wa likita ranar komawa asibiti.