Shawara ga masu bi ta Addis Ababa zuwa Dubai ko Guangzhou

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga masu tsallaka gadar Ngueli daga Kuseri ta Kamaru su hau jirgin Ethiopian a filin Hassan Djamous na Njamena, ga abin da na koya a Bole, filin jirgin Addis Ababa, inda ake sauya jirgi.

Da kun sauka, ku gyara agogo. Addis tana gabanmu da awa 2. Tafiyata ta farko ina zaune ina kurɓar bunna, wato gahawar Habasha, hankali kwance, ashe agogon hannuna na Marwa yake nunawa. Da gudu na isa ƙofar shiga, takalmi a hannu.

Ku sa rigar sanyi a jakar hannu. Addis tana kan tudu, sama da mita 2,300, da dare sanyi har cikin ƙashi. Mu da muka saba da zafin yankin kogin Logone ba ma jure shi.

In jiran ya kai awa 8 zuwa 24, ku tambayi teburin kamfanin batun otal, galibi yana cikin tikiti. Batirin cajin waya kuma a hannu ake riƙe shi, kada ya shiga akwatin da za a auna.

'Yan kasuwa, jaka biyu ce, kowacce kilo 23. Abin da ya haura, gara ku tura ta kargo tun daga Dubai ko Guangzhou, ku adana takardar da lambarta. Kuɗin rarar kilo a kan sikeli yana cinye ribar atamfa kaf.

Katin rigakafin shawara ma ya zauna cikin fasfo.